Shekara Ɗari Biyar da Arba'in da Uku Tsakanina da Kazaure

Juma'a da asuba: Mansura

Ƙarfe huɗu da kwata na asubar Juma'a na fito daga gidan hayarmu na unguwar Mansura, da kwamfutar ofis naɗe cikin darduma, na rungume ta a ƙirji. Ba tawa ba ce, kuma ko harafi ɗaya ba na iya karantawa a cikinta, don da harshen Tailan take magana. Sai dai hutuna na cikinta, ni kuwa rabona da Kazaure damina uku ke nan.

Bari in yi bayani, don na gida su san abin da ya fitar da ni a ranar da ya kamata in miƙe ƙafa in huta. Gadi nake yi a wani kamfani mai rumbunan ajiya a nan Doha. Ƙa'idarsu ita ce, duk wanda ya cika shekara biyu da dawowa daga gida, a ba shi hutun wata ɗaya da rabi da tikitin jirgi. Ba mutum ne ke zaɓa ba. Akwai wani jadawali a kwamfuta mai layuka da gidaje kamar gurabun dara, kowa da layinsa, an rubuta ranar da ya dawo. Farkon kowane wata jadawalin ne ke fitar da sunayen waɗanda lokacinsu ya yi, a buga a takarda a manna a ƙofar ofis. Wanda ya tsara shi wani akawu ne ɗan Tailan mai suna Sombat, mu Hausawa muna ce masa Sambo. Ya bar kamfanin tuntuni, ya bar mana kwamfutarsa da yarenta. Ban da shigar da ranakun dawowa, sabon akawu wurare uku kawai ya haddace da zai danna takarda ta fito, bai taɓa yarda ya gwada na huɗu ba.

Shekara biyuna ta cika tun bara. Wata goma sha biyu ina zuwa ƙofar nan ina bin takarda da yatsa daga sama har ƙasa, babu Hamisu. Waɗanda suka dawo a bayana sun tafi, sun dawo, har sun ba ni tsarabar kilishi. Na zargi Mudir, wato manajanmu. Na zargi sabon akawu. Har wani ɗan ɗakinmu da muka taɓa yin cacar baki kan tukunya na zarga, na ce shi ya kai ni gaba. Ni mutum ne mai saurin zargi, ban ɓoye wa kowa ba. Duk lokacin da na kai ƙara, Mudir ya sa a buɗe jadawalin, ya duba layina ya ga shekarar daidai take da ta maƙwabtana, 2565, sai ya ce in Allah ya so wata mai zuwa. Haka duk shekarun jadawalin suke, don mutanen Tailan da kalandar addinin Buddha suke ƙirga, ita kuma tana gaban ta Bature da shekara ɗari biyar da arba'in da uku. Abin da suke kira 2565 shi ne 2022. Mun saba ganin ta haka, har babu mai tambaya.

Abin da ya ƙure mini haƙuri idon Baba ne. Hawan jinin ido ya cinye na hagu, ya koma kan na dama. Ƙanwata Binta ta ce likita ya gaya musu maganin da ake ɗiga masa rage gudun ciwon kawai yake yi, abin da ya tafi ba ya dawowa. In na kira ta bidiyo aka kara masa waya a fuska, haske kawai yake gani, sai ya ce a mayar masa da ita kunne. A kiran ƙarshe bai ja zance ba. Ya ce, "Hamisu, in da hali ka zo in gan ka tun ina gani."

Shi ya sa ranar Alhamis na tsaya a ofishin Mudir na ƙi fita. Da ya gaji da ni, ya ce khalas, wato shi ke nan, in ɗauki kwamfutar in nemo mai yarenta, in dawo da ita Lahadi da safe, in kuma ta ɓace in kuka da kaina. Lambar Sambo ta daina shiga tun da ya canza wurin aiki. Abin da kawai na sani shi ne tsohon masaukinsa a Sana'iyya, unguwar masana'antu.

Jirgin ƙasa ba ya tashi da wuri ranar Juma'a, saboda haka na roƙi Isiyaku, mutumin Funtuwa da ke tuƙa bas ɗin ma'aikata, ya rage mini hanya. Ya iso daidai huɗu da rabi, bas ɗin fayau, daga shi sai rediyonsa. Ya kalli abin da na rungume.

"Malam Hamisu, wace irin darduma ce wannan mai nauyi?"

"Tikitina ne a ciki."

"To riƙe shi da kyau, akwai gargada a gaba."

Sana'iyya

Daga Mansura zuwa can kimanin kilomita goma sha biyar ne, hanya babu kowa, minti ashirin da biyar muka yi. Watan Agusta ne, ko rana ba ta fito ba gumi ya jiƙa mini bayan riga, iskar teku mai ɗumi tana manne wa mutum a fuska. Isiyaku ya ce an kira shi jiya daga gida, ruwa aka kwana ana yi a Funtuwa, masara ta fara goyo. Na ce masa ya bar zancen nan. Ko minti ɗaya ba a yi ba ya fara lissafa mini yadda ake gasa sabuwar masara a bakin tasha. Da ba shi ke tuƙi ba, da na sauke shi.

Biyar saura kaɗan ya ajiye ni a ƙofar sansanin da Sambo ya zauna. Nan na ɗanɗana abin da nake yi wa mutane kullum. Mai gadi ya ɗaga hannu, ya ce katin zama, ya ce wa kake nema, ya ce buɗe darduma. Na fara yi masa Turancin dole, sai ya dubi sunana a kati ya juya harshe, ashe ɗan Kumasi ne, Hausar Zango a bakinsa raɗau. Muka gaisa kamar mun san juna. Duk da haka sai da ya rubuta lambar kwamfutar a littafinsa, ni ma da ni ne haka zan yi.

Bai bar ni na shiga ba, don babu amfani. Ya ce 'yan Tailan ɗin duk sun tashi tun bara, ɗakinsu yanzu 'yan Nepal ne a ciki. Amma ya ba ni shawara. Ya ce a Asian Town akwai wani ƙaramin shago mai sayar da kayan miyar mutanen Tailan, duk ɗan ƙasar da ke Doha sai cikinsa ya kai shi can. Ya tsayar mini da wata motar kai burodi da za ta bi ta wajen, direban bai karɓi ko riyal ba.

Asian Town

Shida da kwata na sauka. Shaguna a rufe, sai masu shayi. Na sayi karak, shayin nan mai kauri da madara, riyal ɗaya, da farata biyu, waina ce mai faɗi ta Indiyawa, na zauna a inuwar bango na aza kwamfutar a cinya. Ina nan zaune mutane suka fara cika filin, don Juma'a ce ranar hutun ma'aikata. Abin da ya fi tsaya mini a rai layin masu aika kaya gida ne. Kowa da kwalinsa ɗaure da igiya, an rubuta sunan gari da manyan baƙaƙe. Wani dattijo ya zauna a kan nasa yana shafa shi da tafin hannu. Kwalin zai isa gida ya bar shi a nan. Na kau da kai, don idona ya fara yaji.

Ƙarfe takwas da rabi shagon ya buɗe. Warin miyar kifi ne ya fara tarbata tun daga ƙofa, irin na daddawa amma ya fi ta ƙarfin hali. A bango akwai kalanda mai hoton wani gidan ibada, an rubuta 2568 ɓaro-ɓaro. Mai shagon, wata mace mai gajeren gashi, ta saurare ni da kyau, na ce Sombat, na kwatanta tsawonsa da tabarau ɗinsa. Ta ce Sombat uku ta sani. Na buɗe darduma na nuna mata kwamfutar, akwai hoton wata 'yar giwa da ya manna a murfin. Ta yi dariya, ta ɗauki waya.

Sun daɗe suna magana, ni dai sunana kawai nake tsinta a ciki. Da ta gama ta ce yana Al Aziziya, yana riƙe da ofishin wani shagon gyaran na'urar sanyaya ɗaki, sun fita aiki, amma in same shi ƙarfe biyu. Ta rubuta mini kwatance a bayan wata takarda. Na sayi ruwa gora ɗaya a wurinta don kada in fita hannu rabbana.

Sauran lokacin a masallaci na cinye shi. Na samu wuri kusa da ginshiƙi tun kafin a cika, na jingina kwamfutar a gabana. Liman ya yi huɗuba da Larabci, rabi na gane rabi ya wuce ni. Hankalina yana masallacin unguwarmu, inda Baba ke zama a sahun farko ta hannun dama. Binta ta ce yanzu sai an riƙe masa hannu ake kai shi.

Al Aziziya

Na ɗauki tasi ƙarfe ɗaya da rabi, riyal goma sha takwas, tafiyar minti ashirin. Unguwa ce ta manyan gidaje masu katanga, shagon yana wani layi tsakanin mai wanki da mai aski. Sambo yana tsaye a ƙofa yana jirana. Ya ɗan rame, tabarau ɗin dai suna nan. Ya haɗa tafukansa biyu a ƙirji ya sunkuyar da kai yadda suke gaisuwa, ya ce, "Hamis." Da ya ga 'yar giwar a murfin kwamfutar sai ya karɓe ta da hannu biyu.

Bai yarda mun fara komai ba sai da na ci abinci. Shinkafa ce mai danƙo da mangwaro da madarar kwakwa, ya riga ni cewa babu abin da addinina ya hana a ciki. Sannan muka zauna a ɗan ofishinsa, ya kunna kwamfutar. Da Turanci muke magana, nasa guntu nawa guntu, muna cike giɓi da Larabcin kasuwa. Na gaya masa komai, har da idon Baba. Ya gyara tabarau ya buɗe jadawalin.

Ya fara duba layina, ya ga 2565 kamar yadda kowa ke gani. Ya danna gidan, ya kalli sama, ya danna na wanda ke samana, ya sake kallo. Sai ya ce in matso. Ya bayyana mini cewa kwamfuta ba ta san shekara ba, kwanaki take ƙirgawa ɗaya bayan ɗaya tun daga farkon 1900, ta ajiye lambar a ciki. Abin da muke gani a fuska riga ce kawai aka sa wa lambar. Shi ya ɗinka wa gidajen jadawalinsa rigar Tailan, shi ya sa ranar da take 2022 a ciki take fitowa 2565 a waje. Ya ce bari ya tuɓe musu rigar mu gani.

Ya zaɓi layin ranakun gaba ɗaya, ya danna wani abu, duk suka koma lambobi tsirara. Na kowa dubu arba'in da wani abu. Nawa dubu ɗari biyu da arba'in da uku da 'yan kai, ya yi tsawo har ya kusa fin gidansa.

Ya ce nawa gidan ba shi da rigar Tailan, don sabon layi ne da aka ƙara daga ƙasa. Wanda ya cike shi ya kalli na sama ya ga 2565, ya buga 2565 da hannunsa, kwamfuta kuwa ta ɗauka shekarar Bature ake nufi, wadda ko jikokin jikokinmu ba za su gani ba. A ido iri ɗaya ne da na kowa. Sannan ya sa kalmar sirri ya buɗe wani ɓoyayyen layi, wanda ke ƙirga kwanakin da mutum ya yi tun dawowarsa, duk wanda ya haura ɗari bakwai da talatin sunansa ya fito. Nawa ƙasa da sifiri yake da kusan kwana dubu ɗari biyu. A lissafin jadawalin ban ma dawo daga hutun farko ba, ina can Kazaure, sai nan da shekara ɗari biyar da arba'in ake sa ran ganina.

Dariya ta kama shi, ya toshe baki, da ya dubi fuskata sai ya daina. Ni kuwa raina ya riga ya ɓaci. Na ce a gaya mini wanda ya yi wannan aika-aika, in sabon akawu ne yau sai ya san ni. Sambo ya cire tabarau yana gogewa da gefen riga. Ya ce a hankali, ranar da na dawo daga gida yana da ganin likita, yana sauri, na iske shi a bakin ƙofa.

Bai ƙarasa ba na tuna. Na tuna rigar da ke jikina ma. A ranar ya ce in bari sai gobe ya shigar da ranar dawowata, ni kuma na ce haba, me ke cikin rubuta kwanan wata, ai na yi kwas ɗin kwamfuta na wata uku a Kano. Na zauna a kujerarsa ina jin kaina, na ƙara layi, na kalli na sama na kwafa. Har na ƙara dubawa na ga ya yi daidai da na kowa, na tashi ina yaba wa kaina.

Kunya ta rufe ni, bayanta kuma baƙin ciki. Shekara guda ina ƙullatar bayin Allah, ina gaishe su ciki-ciki, ashe da yatsana na kulle kaina. Shekarar nan kuwa daga idon Baba aka cire ta. Na kifa kai a kan tebur na daɗe ban ɗago ba.

Sambo ya ce laifin nasa ne, da ya bar jadawalin da shekarar da kowa ya sani, da hakan ba ta faru ba. Na tambaye shi me ya sa bai yi hakan ba tun farko, tunda shi kaɗai ne ɗan Tailan a ofis. Ya juyo da kwamfutar shagon ya nuna mini kusurwar ƙasa, ita ma 2568 ce a jiki.

"Shekara tara ina nan, Hamis," ya ce. "Abinci ba namu ba, magana ba tamu ba. In na kunna da safe na ga wannan, sai in ji ni da mahaifiyata a shekara ɗaya muke."

Na dubi hannuna. Ni ma agogon hannuna yana kan lokacin Najeriya tun ranar da na zo, kullum sai na ƙara awa biyu a kai kafin in san lokacin aiki.

Gyaran bai kai minti ɗaya ba. Ya goge, ya buga ranar da 2022, ya sa wa gidan rigar Tailan, ta fito 2565 kamar da, amma yanzu ta gaskiya. Ɓoyayyen layin ya nuna kwana dubu ɗaya da wani abu. Ya nuna mini wani ɗan akwati da ake sa wa alama in ana so kwamfuta ta karɓi shekarar Buddha kai tsaye daga hannun mai bugawa, ya ce in babu alamar nan, kada kowa ya kuskura ya buga 25 da wani abu. Da ya bi sauran layukan sai ga mutum biyu masu irin ciwona, wani ɗan Nepal da wani ɗan Kenya, waɗanda sabon akawu ya shigar. Su ba su ma cika shekara biyu ba, da sai baɗi za su fara bin takarda da yatsa. Ya gyara nasu, sannan ya mayar da duk jadawalin shekarar Bature, ya rubuta wa Mudir bayani a takarda da lambar wayarsa. Na lura ya ɗan tsaya kafin ya tuɓe wa jadawalin rigar Tailan.

Ƙarfe huɗu da rabi muka yi sallama. Na hau jirgin ƙasa a tashar Aziziya, riyal biyu, na canza a tsakiyar gari, na sauka Mansura kafin magariba. Ɗan ɗakin nan namu da na zarga yana dafa taliya. Na gaishe shi gaisuwa ta sosai, har ya juyo ya tambaye ni ko lafiya.

Lahadi: ofis

Bakwai na safe na ajiye kwamfutar a teburin Mudir tare da takardar Sambo. Ya karanta sau biyu, ya sa akawu ya danna wurarensa uku. Takarda ta fito, sunana ne na farko. Ya tambayi wanda ya yi kuskuren, na ce ni ne, na kuma roƙe shi gafara kan abin da na riƙe shi da shi a zuci. Ya dube ni ta saman tabarau, ya ce ai ya sani, fuskata ba ta iya ɓoye komai ba. Ya sa hannu, ya ce, "Yalla, je ka ga babanka." Kwana goma sha ɗaya aka ɗauka kafin tikiti ya fito, kowace rana sai na kira Binta na tambayi idon.

Daga Doha zuwa Kano

Ranar tafiya Isiyaku ne ya sake ɗaukata bayan sallar asuba, wannan karon da akwati biyu. A hanyar filin jirgi ya ba ni saƙon turare in kai wa mahaifiyarsa, ya ce in na ci masara in ci biyu, ɗaya tasa ce. Bai yi dariya ba da ya faɗa.

An duba fasfo, an auna kaya, jirgi ya tashi da hantsi. Awa bakwai da wani abu muka yi a sama, na kasa barci, na kasa cin abin da aka kawo. Da muka fara sauka na leƙa ta taga na ga ƙasa kore shar, rabona da ganin kore mai yawa haka tun da na tafi. Mun tsaya Abuja aka sauke wasu, muka iso Kano da la'asar sakaliya, ana yayyafi. Na tsaya a waje na bar shi ya jiƙa ni, masu tasi suna kallona.

Zuciyata ta so in wuce Kazaure a ranar, amma Binta ta hana. Ta ce in na iso da duhu, muryata kawai zai ji. Idon ya fi kama abu da hantsi, in rana ta shigo zaure. Na kwana a Kurna gidan wani ɗan'uwanmu, aka kawo tuwon masara da miyar kuka, na ci har na ji kunya.

Kazaure

Bakwai na safe ina tashar Ƙofar Ruwa. Motar ta cika bakwai da rabi, mu shida a baya da buhun taki. Kilomita tamanin ne ko kusa da haka. Mun wuce shingen jami'an tsaro biyu, suka leƙa suka ɗaga mana hannu. A Ɗambatta direba ya tsaya shan mai, na sayi masara gasassa guda biyu, na cinye tawa, na cinye ta Isiyaku. Gero ya fitar da kai hagu da dama. Da duwatsun garinmu suka bayyana sai na dubi agogon hannuna, yau ba sai na ƙara masa komai ba.

Tara da rabi ɗan acaɓa ya sauke ni a ƙofar gida. Binta ta riga ta shimfiɗa wa Baba tabarma a bakin zaure, inda rana ke faɗowa. Yana zaune da farar riga da hula, ya yi shiri kamar mai zuwa ɗaurin aure. Na yi sallama na durƙusa. Ya amsa, ya ce in matso, ya ce in juya in fuskanci haske.

Ya kama fuskata da hannu biyu. Idon ba ya ɗaukar fuska gaba ɗaya yanzu, ɗan tsakiya ne kawai ya rage, kamar mai leƙe ta ramin makulli. Saboda haka kaɗan-kaɗan ya dinga ganina. Ya sunkuyar da kaina ya duba goshi, ya ɗaga ya duba ido ɗaya, sannan ɗayan, ya gangaro hanci. Da ya iso gemu ya daɗe a wurin.

"Furfura ce wannan?"

"Ita ce, Baba."

"Da ka tafi babu ita."

Binta tana tsaye a bayansa tana share ido da gefen mayafi. Daga baya ne ta gaya mini cewa a daminar bara, daga nan bakin zaure yana gane mai shigowa tun daga bishiyar darbejiya. Na san wace shekara ce wannan, kuma na san wanda ya ɓatar da ita.

Ya tambayi abin da ya riƙe ni. Na ba shi labarin duka, da Sambo, da rigar da ake sa wa lamba, da shekara ɗari biyar da arba'in da uku, ban rage laifina ba. Ya saurara har ƙarshe, ya ɗan murmusa. Ya ce shi bai san wannan lissafin ba, damina uku ya ƙirga. Ya sa wa Sambo albarka, ya ce Allah ya mayar da shi gaban mahaifiyarsa lafiya.

Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni, ya kuma bar mini wannan ɗan haske na iske shi. Na gode wa Isiyaku, da mai gadin nan ɗan Kumasi, da mai shagon da ta ɗaga waya, da Sambo da ya sauke shekarar garinsu daga jadawalin saboda mu. Muna nan zaune rana ta ɗaga, inuwa ta rufe bakin zauren. Baba ya saki fuskata, ya lalubi sandarsa.

"Gobe da hantsi ka zo nan ka zauna," ya ce. "Ban gama ba."